Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumomin Lafiyar Dabbobi da Shugabannin Ƙungiyoyin Masu Kiwon Shanu Kan Cutar Salmonela

Masu girma shugabanni,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wata cuta da ke ƙara samun gindin zama a garkunan shanu, wadda kuma mafi yawan lokaci mai garke da kansa ne ke biyan kuɗi ya shigo da ita gidansa ba tare da ya sani ba. Cutar ita ce Salmonela. Abin da nake nema a wurinku abu biyu ne da ba sa rabuwa: ku samar da hanyar da mai sayen saniya zai san halin lafiyar garken da ta fito kafin ya biya kuɗinta, ku kuma tsara yadda makiyayin da ya fito fili ya ce cutar ta shiga garkensa ba zai zama shi ne ya fi kowa asara ba. Duk sauran abin da zan faɗa bayani ne na dalilin da ya sa nake ganin in ba a yi waɗannan biyu ba, wa'azin tsabta da ake yi wa makiyaya ba zai tsayar da cutar ba.

Salmonela ƙwayar bakteriya ce mai nau'o'i fiye da 2,500, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige, amma a cikin shanu guda biyu ne suka fi yin suna. Na farko shi ne Taifimuriyam, wanda ba ya zaɓen jikin da zai zauna: yana kama shanu, da aladu, da kaji, da ɓeraye, da tsuntsayen daji, da mutane, kuma idan ya faɗa wa garke yakan zo da zawo mai tsanani, ya yi ɓarnarsa, sannan a yawancin lokaci ya lafa bayan wasu watanni. Na biyu shi ne Dablin, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin ya saba da jikin saniya har ya mayar da shi gida. Saniyar da ta kamu da shi tana iya warkewa a ido, ta koma cin abinci, ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta, alhali ƙwayar tana nan ɓoye a cikin kaluluwar hanjinta, ko a hanta, ko a matsarmama, wani lokaci har a hantsa. Irin wannan saniya tana iya ɗaukar cutar watanni, wata ma shekaru. Ba kullum take fitar da ƙwayar ba. Sai ranar da jikinta ya jigata, kamar lokacin haihuwa, ko bayan doguwar tafiya a mota, ko a tsananin zafi, ko sa'ad da aka canza mata abinci farat ɗaya, sannan ƙwayar ta riƙa fita a kashinta da yawan da zai isa ya gurɓata wurin kwana da ruwan sha na garke baki ɗaya.

A nan ne ƙwarewar mai saye take gazawa. Mutum yana iya yin shekara 40 yana cinikin shanu, ya duba haƙora, ya taɓa hantsa, ya lura da tafiya da numfashi, ya kuma yi gaskiya idan ya ce saniyar lafiyarta ƙalau. Idonsa bai yaudare shi ba, domin babu abin da za a gani. Ko likitan dabbobi ya ɗauki kashinta ya kai ɗakin gwaje-gwaje, sakamakon yana iya fitowa babu komai, saboda ranar ba ta fitar da ƙwayar ba. Wannan ne ya sa ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci suka koma neman alamar da garkuwar jiki ke bari a cikin jini da madara, suka kuma daina tambayar lafiyar saniya guda, suka koma tambayar lafiyar garken da ta fito.

Wanda ke biyan bashin wannan ɓoyayyiyar cuta shi ne maraƙi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan maraƙi ɗan wata ɗaya ko biyu da Dablin ya kama ba zai manta da shi ba. Da safe za a tarar ya ƙi shan madara, kunnuwansa sun faɗi, yana tsaye ya sunkuyar da kai, haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauri. Idan aka sa ma'aunin zafi za a ga ya haura digiri 40 na Salsiyos, wani lokaci ya kai 41. Sau da yawa babu zawo ko kaɗan, sai tari da shessheƙa, don haka mai garke yakan ce sanyi ne ya kama shi a huhu, ya yi masa allurar da ya saba yi. Maraƙin ba ya jin allurar, domin ƙwayar ta riga ta shiga jini. Wani yakan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsira yakan tashi da kumburin gwiwoyi, ko ya tsumbure ya ƙi girma, kuma akwai waɗanda bayan makonni za a ga bakin kunnensu, ko ƙarshen wutsiyarsu, ko ƙasan ƙafarsu ya bushe ya yi baƙi har ya gutsure, saboda jini ya daina kaiwa wurin. Idan kuwa Taifimuriyam ne, za a ga zawo mai wari, gauraye da jini da majina da ɓaɓɓakun fatar hanji, idanu su faɗa ciki saboda ƙarewar ruwan jiki.

A wurin manyan shanu kuwa alamar da aka fi gani ita ce ɓari, musamman a watannin ƙarshe na ciki, kuma sau da yawa saniyar ba ta nuna wata rashin lafiya kafin ta zubar. Akwai kuma asarar da ba a ƙirgawa: madara ta ragu, karsana ta makara wajen ɗaukar ciki, kuɗin magani ya ƙaru, a riƙa fitar da shanu daga garke tun ba su tsufa ba. Mai garke yakan ɗora laifin kowace asara a kan dalili dabam, wannan sanyi, waccan ƙaddara, wancan rashin kyan abinci, ba tare da ya gane cewa abu ɗaya ne ke cin sa ta fuskoki da yawa ba.

Me ya sa haɗarin yake ƙaruwa a yanzu? Babban dalili shi ne yadda kiwo da ciniki suka sauya. A ƙasashe da dama garkuna sun ragu a yawa amma sun ƙaru a girma, kuma garken da ke son ya girma da sauri sayen shanu yake yi daga wurare dabam-dabam. Ana tattara maruƙa maza daga gonakin madara masu yawa a kai su wuri ɗaya don kiwon nama, ana tura karsana wata gona ta yi reno sannan a dawo da ita da ciki, ana aron bajimi, ana haɗa shanun mutane dabam-dabam a makiyaya ɗaya da mashaya ɗaya. Kowace irin wannan haɗuwa dama ce ga ƙwayar. Sannan ƙwayar tana da juriya a waje: tana rayuwa watanni a cikin ruwan kashin shanu da aka tara, ta fi haka daɗewa a busasshen kashi da ya manne a bango ko a ƙasan mota. Idan ruwan sama ya yi yawa ko ambaliya ta zo, takan wanke ƙazantar gona guda ta kai ta rafin da garkunan ƙasa ke sha. Abincin da aka sayo ma yana iya zuwa da ita, haka ɓeraye da tsuntsayen da ke shiga rumbun abinci.

Dalili na biyu, wanda ya fi ban tsoro, shi ne ƙwayar tana daina jin magani. Wannan ba sabon labari ba ne. A shekarun 1990 wani reshe na Taifimuriyam da ake kira DT104 ya bazu a Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe, yana bijire wa magunguna 5 a lokaci guda, ciki har da ampisilin da tetirasaikilin, waɗanda su ne makiyaya suka fi dogara da su. A yau yawancin Dablin da ake samu a shanun Arewacin Amurka yana bijire wa magunguna da dama. Yadda hakan ke faruwa a gona ba shi da wuyar fahimta. Maraƙi ya kwanta, a yi masa allura ba tare da gwaji ba, a ga bai tashi ba, a canza wata, a rage adadi don kwalbar ta kai, a daina da zarar ya ɗan miƙe. Kowane zagaye yana kashe ƙwayoyin da ke jin magani ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Kuma ko maganin ya ceci ran dabbar, ba ya tabbatar da cewa ya fitar da ƙwayar daga maɓoyarta, don haka ana iya ceton maraƙa a yau ta girma ta zama saniyar da za ta harbi garke gobe. Tarayyar Turai ta hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma tun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da shawara a 2017 cewa a daina bai wa lafiyayyun dabbobi magungunan da mutane ke buƙata. Ban ce kada a yi wa maraƙin da cutar ta shiga jininsa magani ba. Barin sa ya mutu rashin tausayi ne. Abin da nake cewa shi ne likita ne ya kamata ya zaɓi maganin bisa gwaji, kuma a haɗa da ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa ta jijiya, domin ƙarewar ruwan jiki ita ce ke kashe mai zawo tun kafin komai.

Ba na son wannan wasiƙa ta tsaya a kan shanu kaɗai, domin cutar ba ta tsayawa a kansu. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa Salmonela tana kama mutum kusan miliyan 1.35 a ƙasar duk shekara, tana kwantar da kusan 26,500 a asibiti, tana kashe kusan 420. Dablin ba ya cikin nau'o'in da suka fi yawan kama mutane, amma idan ya kama ya fi muni. Binciken da cibiyar ta yi a kan bayanan 1968 zuwa 2013 ya nuna cewa yawan kamuwar mutane da shi ya ninku fiye da sau 7, cewa kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka kamu an sami ƙwayar ne a cikin jininsu, kuma kusan uku cikin huɗu sai da aka kwantar da su. Tsakanin 2015 da 2017 mutum 56 a jihohi 15 na ƙasar suka kamu da wani nau'i mai bijire wa magani, aka bi sawu aka tarar daga taɓa maruƙa ne, kuma da yawa daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A 1985 a jihar Ilinoi madarar wata masana'anta guda ta jawo ɓarkewar da gwaji ya tabbatar a jikin mutum fiye da 16,000. Wanda ke tatsa, da wanda ke ba maruƙa madara, da wanda ya sa hannu ya ciro ɗan da aka yi ɓarinsa, da yaron da ya rungumi maraƙi sannan ya sa yatsa a baki, su ne a sahun gaba, kuma jarirai da tsofaffi da masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki su ne cutar ta fi yi wa illa.

Akwai ƙasashen da suka gwada abin da nake roƙo, kuma ya dace ku dubi abin da suka samu da abin da ya gagare su. A 1953 naman wata mayanka a garin Alvesta na ƙasar Suwidin ya kwantar da mutum kusan 9,000, ya kashe kusan 90. Bayan wannan masifa ƙasar ta kafa dokar yaƙi da Salmonela a 1961, ta wajabta sanar da hukuma duk inda aka ga ƙwayar a dabba, ta riƙa rufe garken da ya kamu har sai ya tsarkaka, ta sa ido a kan masana'antun abincin dabbobi, gwamnati kuma tana ɗaukar wani kaso na asarar mai garke. Sakamakon shi ne har yau Salmonela ba ta da yawa a dabbobin ƙasar. Denmak kuwa ta fara sa ido a kan Dablin a 2002 ta hanya mai sauƙi: ana ɗiban madara daga tankin kowace gona sau 4 a shekara a gwada, garkunan da ba na madara ba kuma a ɗibi jininsu a mayanka, sannan a sa kowane garke a matakin da ke nuna halin lafiyarsa, wanda kowa zai iya dubawa kafin ya yi ciniki. Da aka fara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na garkunan madara ne ke da alamar cutar. Cikin shekaru goma sha wani abu aka sauko da su ƙasa da kashi 10 cikin 100. Daga nan sai ci gaban ya tsaya, har adadin ya ɗan sake hawa, kuma ƙasar ba ta kai ga kawar da cutar ba har yanzu. Na kawo wannan ne don kada a ce na yi muku alkawarin abu mai sauƙi. Amma gwajin madarar tanki guda, wanda ke ba da labarin garke baki ɗaya, ya fi arha nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da binne maruƙa shekara bayan shekara.

Saboda haka abu na farko da nake roƙo shi ne ku san girman matsalar a yankunan da kuke kula da su. Hukumar da ba ta gwaji ba za ta taɓa ganin cutar a takardunta ba, kuma shirun takarda yana sa a zaci lafiya ake. Inda ake tara madara a tanki ko a cibiyar karɓa, a fara daga nan. Inda babu wannan tsari, a ɗibi jinin maruƙa 'yan wata 3 zuwa 6, domin su ne ke nuna ko cutar tana yawo a garke a halin yanzu, a kuma yi amfani da mayanka wajen ɗibar samfur. Duk maraƙin da ya mutu bayan ciwon huhun da ya ƙi jin magani, da duk ɓarin da ba a san dalilinsa ba, a sauƙaƙa wa mai shi hanyar kai samfur ɗakin gwaje-gwaje a kan kuɗin da zai iya biya, kuma a mayar masa da sakamako da wuri, cikin harshen da yake ji, tare da sunan maganin da ƙwayar ke ji da wanda ba ta ji. Makiyayin da ya kai samfur sau ɗaya ya ji shiru ba zai sake kaiwa ba.

Na san abin da wasu shugabannin makiyaya za su ce: bayyana matsayin garke tozarci ne, zai karya farashin shanun mutum, zai sa maƙwabta su guje shi. Tsoron gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa na haɗa roƙona na farko da na biyu. Idan abin da mai gaskiya zai samu shi ne a rufe masa garke a bar shi da bashi, to mai hankali zai yi shiru, ya sayar da shanun da yake zargi tun kafin labari ya fita, kuma ta haka dokar da aka kafa don tsayar da cutar za ta zama ita ce ke watsa ta. Dole ne wanda ya sanar ya sami likitan da zai zauna da shi su tsara yadda za a tsarkake garken, ya sami rangwamen kuɗin gwaji, ya sami diyya idan an umarce shi ya yanka wata dabba, ya kuma sami hanyar sayar da shanunsa kai tsaye zuwa mayanka. Dole ne kuma ya san cewa akwai mafita, cewa bayan gwaje-gwaje kaza masu kyau a jere za a mayar da garkensa matakin masu lafiya. Ku tuna kuma cewa mai sayarwa a yau mai saye ne gobe. Sirrin da ya kare shi a wannan ciniki shi ne zai cuce shi a na gaba.

Game da abin da ya rataya a wuyan mai garke, ina roƙon ma'aikatanku su daina raba doguwar takardar umarni da ba wanda zai iya cikawa, su mayar da hankali a kan wurin haihuwa da kwanakin farko na maraƙi, domin a nan ne sarƙar take ƙulluwa. Saniyar da ke ɗauke da ƙwayar ta fi fitar da ita a lokacin haihuwa, maraƙi kuma yana faɗowa ne da baki a buɗe a kan shimfiɗar da ta yi kashi. Kada ɗakin haihuwa ya zama kuma shi ne ɗakin jinya, kuskuren da ake yawan yi saboda shi ne wuri mafi kusa da mafi shimfiɗa. A share shi a sa sabuwar ciyawa busasshiya bayan kowace haihuwa, a wanke hantsa kafin a tatsi dakashi. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwa sai wadda zai samu daga dakashi, hanjinsa kuma yana rufe ƙofar karɓarta cikin awa 24, mafi yawan karɓar ma a awannin farko take. Don haka a ba shi kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato lita 3 zuwa 4 ga babban maraƙi, tun bai wuce awa 6 da haihuwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma maraƙin da ya makara da dakashi bangonsa a tsage yake. A garken da aka san cutar tana ciki, kada a haɗa dakashin shanu da yawa a bokiti ɗaya, domin saniya guda za ta gurɓata rabon kowa. Inda akwai na'ura, ɗumama dakashi a ma'aunin zafi 60 na tsawon minti 60 yana rage ƙwayar ƙwarai ba tare da lalata garkuwar ba. Madarar saniya mara lafiya, wadda ba za a iya sayarwa ba, kada a juye wa maruƙa ita ɗanya don gudun asara.

Sauran matakan ƙanana ne amma kullum ake yin su. Kowane maraƙi da bokitinsa, ko a wanke a busar tsakanin wannan da wancan. A fara ciyar da ƙanana da masu lafiya, a ƙare da marasa lafiya, kada a juya tsarin. Shebur ko cokalin tarakta da aka kwashe kashi da shi kada ya taɓa abinci. Maganin feshi ba ya aiki a kan ƙazanta, sai an kankare an wanke da sabulu an bari ya bushe, kuma kwanon tsoma takalmi da ya cika da laka ya zama wurin rainon ƙwayar. Feshin ruwa mai ƙarfi a ɗakin da maruƙa ke ciki yana tayar da ƙwayar ta bi iska ta sauka a kwamin abinci. Filin da aka zuba wa ruwan taki a bar shi aƙalla wata guda kafin manya su shiga, ƙanana kuma su jira fiye da haka. A yi maganin tsutsar hanta, domin an daɗe da lura cewa shanun da ke da ita sun fi zama maɓoyar Dablin. Allurar rigakafi tana da amfani, tana rage tsananin ciwo da mace-mace da ɓari, amma ba ta wanke saniyar da ta riga ta ɗauka, kuma wasu alluran suna rikita sakamakon gwajin jini, don haka a yi shawara da likita kafin a fara.

Sabuwar dabba kuwa, a killace ta mako 4 a wurin da kashinta da ruwan wankinta ba za su gangaro wa garke ba, a gwada jininta. Amma ina so a faɗa wa makiyaya gaskiya: killacewa kaɗai ba ta kama ɓoyayyiyar mai ɗauke da cuta, tana iya cinye makonninta lafiya lau ta shiga garke ta jira ranar haihuwa. Kariya mafi ƙarfi ita ce saye daga garken da aka san matsayinsa, wanda kuma mai garke ba zai iya sani ba sai kun samar da tsarin. Wannan ne ya sa na ce nauyin ya fi yawa a kanku.

Akwai kuma wuraren da babu wani makiyayi guda da ke da iko a kansu. Motar ɗaukar shanu da ke zagaya gonaki ba a wanke ta ba, kasuwar da ake tsare dabbobin wurare dabam-dabam a shinge ɗaya su sha a kwami ɗaya, motar kwasar gawa da ke shiga har tsakiyar gona, mayankar da ake feɗe dabba fata mai kashi tana taɓa nama ko hanji ya fashe a kan gawa: duk waɗannan sai doka da mai duba ta. Ba sai kun ƙirƙiro ƙa'idojin daga farko ba. Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin ingancin abinci na duniya, ta fitar da jagora kan rage Salmonela a naman shanu da na alade a 2016, Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya kuma tana da babi na musamman kan rigakafin cutar a garkunan kasuwanci. Abin da ya rage shi ne wurin wanke mota a bakin kowace kasuwa da mayanka, da ruwa mai tsabta, da ma'aikacin da ke da ikon tsayar da motar da ba a wanke ba.

Ina kuma roƙon ku buɗe hanya tsakaninku da hukumomin lafiyar mutane. Idan aka tabbatar da cutar a garke, a sanar da iyalin gidan da ma'aikatansu a ranar, a gaya musu su dafa duk madarar da za su sha, su sa safar hannu wajen taɓa ɓari da mabiyiya, su bar kayan aiki da takalma a waje, su hana ƙananan yara shiga wurin maruƙa, kuma duk wanda zazzaɓi ya kama ya gaya wa likita cewa yana aiki da shanu masu Salmonela, domin wannan bayani yana iya canza gwajin da za a yi masa da maganin da za a ba shi. Zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, ko 63 na minti 30, ya isa ya kashe ƙwayar a madara, niƙaƙƙen nama kuma sai cikinsa ya kai 71. Haka nan idan asibiti ya sami Dablin a jinin mutum, ya kamata labarin ya iso gare ku, domin kusan ko yaushe akwai garke a bayansa.

Ina fatan a zamanku na gaba za ku sa wannan batu a kan teburi, ku zaɓi yanki guda ku fara gwajin madara da jinin maruƙa a cikinsa, ku zauna da wakilan makiyaya ku amince a kan abin da wanda ya sanar zai samu tun kafin sakamakon farko ya fito, sannan ku buga adadin da kuka gano a fili, ko da bai yi daɗin ji ba.

Wassalam.

Naku,
Mai kishin lafiyar shanu da ta masu kiwon su